Igiyar Takalmin Walƙiya

Shekara ashirin da bakwai ina jera shinge a filin tsere, kuma in ka ji wani ya ce ya taɓa gyara mini aiki a tsawon shekarun nan, kawo shi gabana mu haɗa ido. Baba Shinge ake ce mini. Sunana na yanka matata kaɗai ke tunawa da shi, ita ma sai ranar da na ɓata mata rai.

Wanda bai sani ba cewa zai yi aikina ɗaukar ƙarfe ne da ajiyewa. Haba! A tseren tsallake shinge goma ne a gaban kowane mai gudu, kuma kowanne da mazauninsa. A gefen layi akwai 'yan alamomi na fenti, tsawonsu bai fi ɗan yatsa ba, rawaya ta mata, shuɗiya ta maza. Mai gudu ba kallon shinge yake yi ba, taku yake ƙirgawa: ɗaya, biyu, uku, tsallake. Ƙafarsa ta haddace tazarar. Ka gusar da shinge ɗaya da taki guda, to ka haƙa wa ɗan mutane rami a tsakiyar hanya ke nan. Shi ya sa ba na barin kowa ya ajiye mini. Akwai wani ma'aikacin awo da muke kira Santimita, siririn mutum mai yawo da tef a wuya. Tun shekara ashirin da suka wuce ya zo zai auna tazara a bayana, na yi masa tas a gaban jama'a. Daga ranar tsayin shinge kawai yake aunawa, tazara kuwa ya bar mini abata.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, kusan shekara guda ke nan na fara gani dishi-dishi. Da farko na ɗora laifin a kan fenti, na ce ya koɗe. Aka sake fenti, na ce mai fentin ne ya tsinka shi da ruwa. Daga baya na daina cewa komai, domin an kawo mana sabon Manaja, wani matashi mai tafiya da sauri, wanda a taronsa na farko ya ce duk ma'aikacin da ƙarfinsa ya ƙare za a sallame shi ya je ya huta. Huta! In zauna a ƙofar gida ina korar kaji, matata tana aike na sayen ashana? Filin nan shi ne rayuwata, kuma tsoron rabuwa da shi ya hana ni buɗe baki.

Ana cikin haka aka ce Walƙiya za ta zo ta yi atisaye a filinmu na wata biyu kafin babbar gasa. Ko ba ka kallon wasanni ka san Walƙiya, mai lambar zinare biyu ta duniya, wadda hotonta ke jikin motocin haya da kwalin madara. Ni dai na shirya mata. Na ga irinsu da yawa, masu zuwa da baƙin tabarau da mutum uku masu riƙe musu jaka, su wuce ka kamar kai ma shingen ne. Na ce wa masu shara, in ta kawo mini raini zan nuna mata cewa kafin a haife ta nake nan.

Da safe ina buɗe sito sai ga wata yarinya doguwa da jaka a kafaɗa, ta russuna ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta tambayi ƙafa. Na zaci cikin masu neman aikin shara ce, na ce ta koma sai Litinin.

Ta ce, "To Baba. Amma ko za a taimaka a jera mini layi ɗaya kafin Litinin ɗin?"

Masu shara suka kwashe da dariya. Na murtuke fuska na ce ai na gane ta tun daga nesa, gwada ta nake yi. Ta ce ta gode da gwajin.

Kwana uku da fara atisayenta abin ya faru. Na jera mata layinta kamar kullum, na koma gefe na zauna a kan amalanken da nake turo shingayen. Kocinta, wani ƙaton mutum mai murya kamar an buga ganga, ya tafa hannu, ta tashi. Na farko lafiya, na biyu lafiya, a na uku sai na ji ƙarar ƙarfe, na ji jiki ya daki ƙasa. Fili ya yi tsit. Ta jima a kwance kafin ta tashi zaune tana riƙe da gwiwa. Daga inda nake na ga ta juya ta kalli shingen, ta kalli ƙasa, ta kalli wajen da nake zaune. Koci ya iso yana huci.

"Me ya faru? Ina hankalinki ya tafi?"

Ta ce, "Ƙafata ce ta taɓa, Koci."

Ya yi ta zazzaga mata faɗa a gaban ƙananan 'yan wasa da suka zo kallonta. Ya ce suna ya fara hawa mata kai, ya ce tallar madara ta cinye mata taku. Tana tsaye da ƙafa ɗaya, kai a sunkuye. Da ya gama sai ta ɗingisa ta ɗauki shingen da ya faɗi za ta tayar, na daka mata tsawa daga kan amalanke.

"Ke! Ajiye mini kayana. Ba a taɓa mini shinge."

"Yi haƙuri, Baba."

Kuma don bakina ba ya iya zama shiru, na ƙara da cewa, "Zinare biyu na duniya, amma shingen Baba ya kai ta ƙasa!" Aka yi dariya, ita ma ta yi, aka kama ta aka kai ta wajen likita. Labarin nan na ba da shi a wajen mai shayi, na ba da shi a motar haya, na ba matata har sau huɗu.

Bayan kwana biyar, da sassafe, na tarar da ita a ƙofar sito da bandeji a gwiwa. Ta ce likita ya hana ta tsallake na ɗan lokaci, ga shi tana son ta ƙarfafa kafaɗunta, ko zan bar ta ta riƙa taya ni ɗaukar shinge in zan jera wa ƙananan 'yan wasa? Na dube ta sama da ƙasa. Gwanar duniya tana neman aiki a ƙarƙashina! Na ce na yarda, amma da sharaɗi: ɗauka nata, ajiyewa nawa, kuma ba na son surutu. Ta ce ta ji ta amince.

Wallahi ban taɓa samun mai aiki irinta ba, kuma ban taɓa samun mai ba ni haushi irinta ba. Za ta sauke shinge daga amalanke, ta yi gaba da shi, ta miƙo mini, sai kawai ta durƙusa.

"Me kuma?"

"Igiyar takalmina ce ta kwance, Baba." Sai ta ɗaure, ta ɗaga ƙafa ta ce, "Af! Ashe a kan rawayarka na tsaya. Yi haƙuri, na taka maka alama."

Takalminta ja ne jawur, irin jan da ko ni ina hango shi. Sai in ce ta matsa, in ajiye shinge daidai inda ƙafar ta tashi, ina mita. Mu je na gaba, igiya ta sake kwancewa. Na gaba ma haka. Na ce wannan wace irin masifa ce, mutum ya zagaya duniya da gudu amma bai iya ɗaure takalmi ba? A raina kuwa daɗi nake ji, domin neman alamar nan da ke cinye mini rabin awa ina sunkuye ya zama abu mai sauƙi. Na ɗauka sa'a ce kawai Allah ya haɗa ni da sakarar yarinya mai taka alama.

Ko da gwiwar ta warke ta koma tsallake, ba ta daina zuwa ba. Koci ya yi magana, ta ce kafaɗun ba su gama ƙarfi ba. Ni kuma tausayinta ya kama ni, na shiga kasuwa na sayo mata igiyar takalmi mai kauri, ruwan ƙasa, irin ta takalman masu gadi. Na ba ta a gaban kowa, na ce kamfanin da ke yi mata takalmi ya ji kunya. Ta karɓa da hannu biyu, ta zauna nan take ta zare nata masu sheƙi ta zura nawa. Abin bai yi kyau ba ko kaɗan, ni kaina na sani, amma ta miƙe tana juya ƙafa kamar an ba ta sarƙar gwal. Washegari igiyar ta kwance sau goma.

Na ce to matsalar ba ta igiya ba ce, ta hannu ce. Na zaunar da ita a benci, na durƙusa na koya mata ƙulli irin wanda na koya wa 'ya'yana, a zagaya sau biyu kafin a ja. Ta zuba ido sosai.

"Sake nuna mini, Baba, ban kama wajen zagayen ba."

Na sake. Wani ɗan jarida ya ɗauki hotonmu, aka buga. Na sayi jaridar guda uku.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara kumbura mini kai. In tana gudu nakan rufe ido, tunda buɗewar ba ta ƙara mini komai, sai in saurari takunta. Wata rana ta gama ta zo tana haki ta tsuguna kusa da amalanke.

"Baba, na ga kana rufe ido. Me kake ji?"

Na ce, "A na shida ƙafarki ta hagu tana faɗuwa da nauyi, kamar an jefar da buhu. Sauran tara kuwa ƙas-ƙas suke yi."

Koci ya yi tsaki, ya ce yanzu kuma masu turin amalanke ne za su koyar da gudu. Ita ko ta roƙe shi ya duba hoton bidiyon da ya ɗauka. Ya duba, ya sake dubawa, ya sosa ƙeya, ya ce to, akwai ɗan abu. Daga ranar duk gudun da ta yi sai ta zo ta tsuguna ta ce, "Baba, me ka ji?" Kuma ba don ta faranta mini take yi ba, gyarawa take yi. Na ga tana tambayar mai tausa, tana tambayar mai ban ruwan ciyawa yadda iska ke kaɗawa da yamma, har wata 'yar shekara goma sha biyar ta tambaya yadda take ɗaga hannu. Ni dai na ce wa mai shayi in ba don ni ba yarinyar nan da tuni ta koma tallar madara gaba ɗaya.

Ana gobe gasa na dawo gida da la'asar, na zauna a tsakar gida ina ba matata labari tana ninke wanki. Matata ba ta da yawan magana, amma in ta yi tambaya sai ka gwammace ta zage ka. Na ce mata gobe zan ga yadda Walƙiya za ta yi da igiyar nan tata, tunda ba ni kusa.

Ta ce, "Maigida, sau nawa ka ce igiyar ke kwancewa?"

"Sau goma, kullum."

"Shingen nawa ne?"

"Goma mana. Shekara nawa ina faɗa miki?"

"Kuma duk a kan alamarka take kwancewa."

"To ai shi ne sakarcin."

"In tana gudu fa? Ta taɓa kwancewa?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta ta juyo.

"Wata takwas kana zuba shayi a gefen kofi ina bi ina gogewa. Shekaranjiya ka shigo ka yi wa doguwar rigata da na shanya sallama, har ka tambaye ta mutanen gida. Na yi shiru ne don na san halinka. To ita ma yarinyar nan ta san halinka, kuma ta san ba ka gani. Ranar da ta faɗi, wa ya jera shingen?"

Na tashi na ce ba na son maganar banza, na ce mata ba su san aikin fili ba, na shiga ɗaki na bugo ƙofa. Ina zama a bakin gado abin ya dawo mini tiryan-tiryan. A shinge na uku shuɗiyar alama tana gaba da rawaya da taki ɗaya da 'yan kai. Ta kalli shinge, ta kalli ƙasa, ta kalle ni. Ta sha faɗan Koci a tsaye da ƙafa ɗaya. Ta ɗingisa za ta mayar da shingen mazauninsa kafin wani ya lura, na kore ta. Ni da na kayar da ita, ni ne na yi mata dariya, na kuma kai labarin wajen mai shayi. Kunya ta rufe ni har na ji zufa tana bin bayana, kuma ban iya cin abincin da aka kawo mini ba.

Da safe fili ya cika maƙil. Ina ƙofar sito ina lodin amalanke sai ga ta da jakarta, za ta shiga ɗakin da ake tara 'yan tsere. Ta russuna kamar kullum. Na kasa kallon fuskarta, na kama goge wani shinge da ba shi da datti.

Ta ce, "Baba, yau ba za su bar ni in taya ka ba."

"Na sani."

"Kuma yau mu takwas ne, ba ni kaɗai ba."

Na ce na iya ƙirga. Ta gyara jakarta.

"Ni dai kullum cikin tambaya nake, Baba, ka gani da idonka. Ban taɓa jin ta rage mini gudu ba."

Ta wuce. Ko kalma ɗaya ba ta ce game da idona ba, kuma na so a ce ta zage ni.

A ranar gasa ana ba ni 'yan dako bakwai, mutanen da ba su san rawaya daga shuɗiya ba sai abin da na ce. Ni nake ajiye shingen layin farko, su kuma su jera nasu daidai da nawa har layi na takwas. In na kuskure, duka takwas sun kuskure. Aka sanar da tseren mata a lasifika, muka shiga. Santimita yana biye da mu a baya yana auna tsayi, Manaja kuwa yana tsaye a bakin layi da takarda a hannu, bai fi taki biyar daga inda nake ba.

Na farko bai ba ni wuya ba, alamomin biyu kusan a manne suke. Na biyu na yi bismilla na ajiye. Da na zo na uku sai na tsaya. Ga tabo biyu a ƙasa, ɗaya nan ɗaya can, dukansu launin toka. Na ƙifta ido, na murza, ba abin da ya canza. 'Yan dako suna riƙe da ƙarafa suna jirana. Sai dabara ta zo mini, na durƙusa kamar zan ɗaure takalmi don in kusanto da fuskata ƙasa. Ina kai hannu na tuna takalmin roba ne a ƙafata, ba shi da igiya. Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya ce, "Baba, lafiya?"

Ina durƙushe na yi lissafina. In na yi shiru na zaɓi ɗaya, wataƙila in dace, in ci gaba da zama Baba Shinge wanda ba a taɓa gyara wa aiki ba. In ban dace ba, 'ya'yan mutane takwas za su taho da gudun da ya fi na babur a cikin unguwa, ƙafafunsu sun yarda da ni. Na tuna ƙarar da jikinta ya yi a ƙasa. Na miƙe.

"Santimita!"

Hayaniya ta hana shi ji. Dole na ɗaga murya yadda Manaja ma sai da ya juyo.

"Santimita! Zo ka nuna mini rawaya. Ba na gani."

Ya tsaya da tef a hannu kamar an dasa shi. A raina na ce yau zai rama na shekara ashirin, kuma yana da gaskiya. Ya taho a hankali, ya zo ya ɗora ƙafarsa a kan alamar da ke kusa da ni. Wallahi ba ita na yi niyyar zaɓa ba. Na ajiye shinge, 'yan dako suka jera. Sai ya matso kusa da kunnena.

"Na biyun ma a kan shuɗiya yake. Mu koma."

Muka koma muka gyara a gaban dubban mutane. Daga nan har na goma yana gaba yana taka alama, ina ajiyewa. A wajen na takwas ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Shekara ashirin ina jiran ka kira ni, ashe ko ranar ma da sunan tsokana za ka kira." Na ce ya yi haƙuri, na manta sunansa na gaskiya ne. Ya ce ya lura.

Aka harba bindiga. Na zauna a kan amalanke na rufe ido. Cikin takun mutum takwas na tsinci nata, ƙas-ƙas-ƙas, shiru, ƙas-ƙas-ƙas, shiru. Na uku ya wuce ba ƙarar ƙarfe, na saki numfashin da na riƙe. A na shida ƙafar hagu ta sauka sumul, na ce yawwa 'yata! Fili ya ɗauki ihu, aka ce ta ci, da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba. Na yi tsalle daga kan amalanke na rungume wanda ke kusa da ni, ashe Manaja ne.

Ya gyara rigarsa ya ce, "Baba, gobe ka same ni a ofis."

Murnata ta koma ciki. Muka fara kwashe shingaye, sai na ji masu hoto suna gudu suna kiran sunanta, suna matsowa wajenmu. Ga ta nan da lambar zinare a wuya, ta tura ta cikin riga don kada ta dame ta, ta sunkuci shinge biyu ta ɗora a amalanke. Aka ce ta tsaya a yi hira, ta ce su yi haƙuri, ba ta tashi daga aiki ba tukuna, ubangidanta yana da faɗa.

A ofis na tsaya ina jiran takardar sallama. Manaja ya ce ya ji abin da na faɗa a fili, kuma da na yi shiru aka samu matsala, da ba sallama kaɗai zan gani ba. Ya ce ba zan sake taɓa shinge ba sai likitan ido ya sa hannu. In likita ya ce ba gyara, to sai haƙuri. Ya miƙo mini takardar asibiti, ya ce kafin nan Santimita zai riƙe aikin. Santimita! Na haɗiye abin da ya taso mini na ce na gode.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, kuma da na zo tun bara da ban sha wannan wahalar ba. Matata da ke zaune a gefe ta ce, "Faɗa masa dai, likita, ni ba ya jin tawa." Aka yi aikin ɗaya, bayan wata guda aka yi ɗayan. Ranar da aka cire bandeji na kalli matata na ce ashe haka kika tsufa ban sani ba. Ta ce in jira in ga madubi.

Wata uku cif na koma fili da takardar likita a aljihu. Kai! Ashe haka rawayar nan take, kamar ƙwaiduwar ƙwai, tun daga ƙofar sito nake hango ta. Na jera layi guda cikin minti biyar, na kira Santimita da kaina na ce ya auna. Ya auna ya ce daidai, na ce da ma na sani.

Ina cikin haka na ji an ce, "Baba, sannu da dawowa." Walƙiya ce, ta dawo atisaye, ta russuna tana dariya. Ranar na fara ganin fuskarta sosai, ashe yarinya ce ƙarama, ba ta kai autata ba. Sai idona ya sauka a gwiwarta. Ni duk zatona ƙujewa ce ta yi. Tabo ne mai tsawon ɗan yatsana, ya bi ta kan ƙashin, ga sawun ɗinki a gefe da gefe. Na ƙirga su, shida. Da wannan ta yi ta durƙusa mini sau goma kowace safiya.

Ban san lokacin da na kai ƙasa a gabanta ba.

"Baba, don Allah tashi, mutane suna kallo."

Na ce, "Wa ya ce miki durƙusa miki na yi? Igiyar takalminki nake dubawa."

Igiyar tawa ce, mai ruwan ƙasa, ta fara tsufa. A ɗaure take tamau, zagaye biyu, ko da ƙugiya ba za ka kwance ta da sauƙi ba. Na ce, "Ni na kayar da ke, 'yata, na kuma yi miki dariya. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe tun ranar, Baba. Ai kai ka gyara mini na shida."

Na kama igiyar na kwance ta da ƙyar, na fara ɗaurewa, sabon idon nawa ya cika da ruwa har na koma gani dishi-dishi. Sau uku ƙullin yana kuɓuce mini. Koci yana can yana tafa hannu yana kiranta, ita kuwa ta tsaya cak da ƙafarta a gabana har na gama.